Gani Ba Ci Ba Ne

Hausawa suna cewa gani ya kori ji. Su ne kuma suka ce gani ba ci ba ne. Maganganun nan biyu kowa ya san su, amma ba kowa ya taɓa ajiye su gefe da gefe ya auna ba. Ni ma ban auna ba, sai da wani tsoho baƙo ya sa ni, a ƙofar gidanmu cikin birnin Zariya, yau fiye da shekara 50 ke nan. Tambayar da ya bar mini ita na ke so mu duba tare, ya kai mai karatu. In mutum ya ce yana begen gida, mene ne ainihin abin da ya ke bege? Ƙasar ce, da duwatsunta da itatuwanta, waɗanda hoto ya ke iya kawo masa har inda ya ke? Ko kuwa wani abu ne dabam wanda ba ya hawa takarda?

Bari in fara gaya maka ƙasar da tsohon nan ya fito. In ka bar Zariya ka nufi arewa, ka wuce Kano, ka wuce Damagaram da Tanut cikin ƙasar Nijar, sai dawa ta ƙare, gero ma ya ƙare, ka shiga inda ba a noman damina. Can birnin Agadas ya ke, mai masallacin nan na ƙasa wanda hasumiyarsa ta kai mita 27. Arewa da Agadas duwatsun Azbin suka miƙe, baƙaƙe ƙirin, ba ciyawa ba inuwa, sai dai cikin kwaruruka inda ruwa ke bi in an yi sa'a. Mafi tsawonsu yana cikin duwatsun Bagazam, ya kai mita 2,022, duk Nijar babu kamarsa. Gabas da su kuma sai Tenere, yashi zalla, tafiyar kwana da kwanaki. Mutanen wannan ƙasa su ne Azbinawa, waɗanda mu ke ce wa Buzaye. Ba jiya muka san juna da su ba. Gobirawa ma suna cewa daga Azbin kakanninsu suka gangaro, Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa a Agadas.

Abin da ya kawo tsohon nan garinmu fari ne. Tun daga 1968 ruwan sama ya yi ta ja da baya a ƙasashen bakin Sahara, har abin ya kai matuƙa a 1973. Rijiyoyi suka ƙafe, makiyaya ta ƙone, raƙuma da awaki suka yi ta faɗuwa. Mutumin da jiya ya ke da garke, yau ya wayi gari ba ko akuya. Azbinawa da yawa suka gangaro Kano da Zariya da Kaduna, suka kama aikin gadi. Namu ya sami gadin wani sito daura da gidanmu. Dukiyarsa duka ba ta fi a ɗauka da hannu ɗaya ba: tabarma, da takobi, da 'yar butar shayi, da ƙaramin murhun gawayi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ce kullum dare a kai masa tuwo, ni kuwa aka ɗora wa kai kwanon. Shekarata 12 a lokacin. Ina ce masa Baba, yana ce mini ɗana.

Ran nan wani ɗan'uwanmu ya kawo kalanda daga Kaduna, irin mai hoto a kowane wata. A wani shafi sai ga baƙin dutse ya tokare sama, yashi ja wur a gindinsa, rana tana shirin faɗuwa, ba mutum ba dabba. An rubuta a ƙasa cewa Azbin ne. Ni da na ke taƙama da iya karatu, sai na yage shafin, na sheƙa a guje na kai wa Baba, ina tsammani zai tashi ya yi rawa don murna.

Ya karɓa da hannu biyu, ya matsa kusa da fitila, ya daɗe yana dubawa bai ce uffan ba. Can ya sa yatsa ya bi gefen dutsen, ya ce, "Bayan nan akwai kwari, cikin kwarin akwai rijiya. Daga nan kwana biyu ne zuwa inda aka haife ni." Sa'an nan ya juya takardar ya dubi bayanta, kamar mai neman saura. Ya ce, "Ɗana, ina awaki? Ina mata masu jan ruwa?" Na ce, "Baba, ai ba a ɗauka da su ba." Ya kaɗa kai ya ce, "Wanda ya ɗauki wannan a ƙoshe ya ke. Mai jin yunwa ba ya tsayawa nan, kwarin zai nufa." Duk da haka bai mayar mini ba. Ya naɗe takardar a hankali, ya sa cikin jakar fatar da ke rataye a wuyansa.

Bayan 'yan watanni wani ƙanensa ya zo daga arewa, ya kawo masa tsaraba cikin ƙullin tsumma: dabino busasshe, da cuku, watau nonon da a ke daskarar da shi a shanya ya bushe falle-falle. Baba ya aike ni cikin gida in roƙi Inna ta surfa masa gero ta daka, amma kada ta dafa. Da aka kawo, ya marmasa cuku da dabino a ciki, ya dama da ruwa a ƙwarya. Irin furarsu ke nan, suna ce mata egajira. Namijin Ba'azbine ba ya buɗe bakinsa a gaban mutane, don haka ta ƙarƙashin amawali ya ke kai ludayi. Ya sha ɗaya, ya sha biyu, sai na ga rawanin ya jiƙe daga ƙasan idanunsa. Ya ce, "Haka uwata ta ke dama wa ubana ran da ayari zai tashi zuwa Bilma." Ya miƙo mini na kurɓa. Ni dai tsami na ji da gari-gari, ban ji abin kuka ba.

To, ga abin tunani. Hoton ƙasarsa ya sa shi magana, ƙwaryar fura ta sa shi kuka. Me ya kawo wannan bambanci?

Da farko kada mu zalunci hoto, gama yana da nasa alheri mai girma. Ba a daɗe da samun wannan hikima ba, a 1839 aka bayyana ta ga jama'a a ƙasar Faransa. Kafin ta yaɗu, matafiyi sai ya zana abin da ya gani da hannunsa, kamar yadda Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya yi sa'ad da ya ratsa Azbin ya shiga Agadas a 1850. Hoto kuwa shaida ne wanda ba ya mantuwa. A tsakiyar Tenere a da akwai wani itace guda ɗaya tal, wanda ayari suka mai da shi alamar hanya. A 1973 wani direban babbar mota ya banke shi, aka ɗauke gawarsa aka kai gidan tarihi na Yamai. Yau wanda ya ke so ya ga yadda ya ke tsaye da ganyensa, sai a hoto. Ba sai mun je nesa ba ma. Masallacin Juma'a na birnin nan, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, cikin shekarun 1970 an yi sabon gini na siminti ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon. Jikokinmu da hoto za su san yadda surarsa ta ke daga waje. Ganuwa ma haka, kowace damina tana zaftare rabonta. Wanda ya ɗauki Ƙofar Doka, ko Ƙofar Kuyambana, ko rimayen birni, ya adana, labudda ya ajiye wa na baya amana. A nan kam gani ya kori ji.

Amma fa hoto yana da baki huɗu, abin da ke bayan bakin nan bai shiga ba. Mai ɗauka shi ke zaɓen inda zai tsaya, da inda zai juya wa baya. Masu zuwa Sahara daga ƙasashe masu nisa, abin da ya fi ba su sha'awa shi ne fili fetal ba kowa, domin a garuruwansu cunkoso ya ishe su. Saboda haka sai su jira makiyayi ya wuce da awakinsa, kana su ɗauka. Hamada tana da kyaun gani ga wanda ya bar tulun ruwa cikin mota. Dutsen da ke cikin ruwa bai san ana rana ba. Abin da Baba ya ke nufi ke nan da ya ce mai hoton a ƙoshe ya ke.

Dubi kuma mutanen farko na wannan ƙasa. Shekaru dubbai da suka wuce, sa'ad da Sahara ta ke da tafkuna da ciyawa, sun bar zane a jikin duwatsun Azbin. A wani wuri da a ke kira Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a kan dutse, babban ya fi mita 5. A wasu wurare shanu ne, da jiminu, da mutane. Su da suka zauna cikin duwatsun, masu rai suka zana, dutse kuwa allo kawai suka mai da shi. Baƙo ne ke ɗaukar dutse ya bar mai rai. Mu ma yanzu da kowa ya ke da abin ɗaukar hoto cikin wayar aljihunsa, haka mu ke yi. Saurayi ya hau Kufena ya ɗauki faɗuwar rana, ya aika wa ɗan'uwansa da ke Ikko. Hoton ya yi kyau, ba ƙarya a cikinsa. Amma bai faɗi ko an ɗora tukunya a gidajen da ke ƙasa ba.

Abinci kuwa sha'aninsa dabam ne. Hoto a waje ya ke tsayawa, ka dube shi daga nesa. Abinci sai ya shiga cikinka ya zama jini da tsoka. Likitoci sun ce hanyar da ƙanshi ke bi daga hanci zuwa ƙwaƙwalwa tana daf da wurin tunawa da motsin zuciya, yawancin abin da mu ke kira ɗanɗano kuwa ƙanshi ne. Shi ya sa mai mura ya kan ce miya ba ta yi daɗi ba, alhali miyar lafiya lau ta ke. Shi ya sa kuma ƙanshin daddawa daga gidan maƙwabta ya kan mai da dattijo yaro kafin ya ankara.

Akwai wani dalili wanda ya fi wannan nauyi. Dutse ba wanda ya gina maka shi, yana nan tun ba a haife ka ba, ba ya kuwa sanin ka tafi. Amma tuwo, duk ran da ka ci shi, wani ne ya tashi ya surfa, ya daka, ya tankaɗe, ya tuƙa, ya kwashe, yana tuna ka. Kowace loma tana da hannun mutum a bayanta. Da Baba ya sha furar nan, sunan uwarsa ya fara fita daga bakinsa. Ni da ban san uwarsa ba, tsami kaɗai na samu. Ashe begen abincin gida, begen masu dafa shi ne.

Wani zai ce, "Malam, wannan duk ado ne ka ke yi wa kwaɗayi. Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne, sabo kuma turken wawa. Namiji ya ci abin da ya samu, ya yi hamdala." Maganar nan tana da ƙarfi, ba kuwa za mu tsallake ta ba. Mun san labarin Banu Isra'ila, da aka fisshe su daga bautar Fir'auna, a ke saukar musu da abinci cikin hamada, suka ce sun gaji, su dai a ba su albasa da tafarnuwa da sauran kayan lambun da suka saba. Aka kuwa zarge su. Amma mun san labarin Bilal kuma, Allah ya ƙara masa yarda. Bayan hijira a 622 zazzaɓin Madina ya kama shi, yana kwance yana ambaton duwatsun Makka da ruwanta da ciyayinta, ba a kuwa zarge shi ba. Har a Turai an san wannan ciwo: a 1688 wani ɗalibin likita mai suna Johannes Hofer ya lissafa begen gida cikin cututtuka, don ganin yadda ya ke kwantar da mutanen Suwizalan in sun rabu da duwatsunsu.

To, me ya raba na farko da na biyu? Banu Isra'ila begensu ya sa sun raina abin da ke gabansu, har suka manta wuyar da aka fisshe su. Bilal ya yi begensa, ya tashi ya ci gaba da kiran salla a garin da ya karɓe shi. Ga ma'auni ke nan. In begen gida ya sa ka tura kwanon mai masaukinka da ƙafa, ya zama butulci. In kuwa ya sa ka tuna waɗanda suka ciyar da kai, ka yi musu addu'a, ka kuma gane ƙimar hannun da ke ciyar da kai yau, to, wani reshe ne na godiya. Shekara biyu ina kai wa Baba tuwon dawa miyar kuka, abin da bai tashi da shi ba, ban taɓa jin ya kushe ba, ban kuwa taɓa dawowa da saura ba.

Ni kaina sai da na girma na ɗanɗana abin da ya sha. Aiki ya kai ni kudu shekara da shekaru. Na tafi da hoton Kufena na kafa a bangon ɗaki, baƙi suna tambaya ina ba su labarin Turunku da Sarauniya Amina. Amma in dare ya yi, abin da ke hana ni barci shi ne faten Inna, na tsakin masara da yakuwa da gauta, wanda Kanawa ke yi mana ba'a da shi. Da ta rasu na komo gida, na tarar Kufena yana nan yadda na bar shi, ko tsakuwa ba ta ragu ba. Fate ma yana nan a kowane gida. Amma nata ya tafi da ita, domin ba wanda ya zauna ya tambaye ta me ta ke fara sawa, me ta ke jinkirtawa. Ina da hoton dutsen da ba ya mutuwa guda biyar, ba ni da ko layi ɗaya na abin da ke mutuwa. Wannan ita ce wautar da na ke so ka guje wa.

Wani abu kuma ya kamata mai begen abincin garinsu ya sani, don kada begen ya zama girman kai. Furar da ta sa Baba kuka, geronta daga ƙasar Hausa Azbinawa ke saye. Kowace kaka ayarinsu ya kan ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, su ba da gero su karɓo gishiri da dabino, sa'an nan su gangaro kudu su sayar, su sake awon gero. Watau kantun gishirin da kakanninmu suka sani a bayan raƙumansu ya zo, geron da uwar Baba ta daka kuwa manominmu ya noma. Shayin da ya ke dafawa ganyensa daga ƙasar Sin ya ke. Faten da na ke taƙama da shi, masararsa da barkononsa da gyaɗarsa duk asalinsu daga nahiyar Amurka ne, 'yan shekaru ɗaruruwa ke nan da zuwansu. Babu tukunyar da ba ta da hannun baƙo a ciki. Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi, gaskiya ne, amma da tsinken dajin wani ya yi sheƙarsa.

Saboda haka ga abin da na ke roƙonka, ya ɗan'uwana. In ka ga hoton wata ƙasa ya ba ka sha'awa, ka yaba, sa'an nan ka yi tambayar Baba: ina mutanen, me suka ci yau? In kai ne mai ɗauka, kada ka kori makiyayi don dutse ya fito. In baƙo ya sauka a unguwarku, wanda fari ko fitina ta raba da gida, ka aika masa da tuwo, wata rana kuma ka tambaye shi abin da uwarsa ta ke dafawa, ka nemo masa kayan haɗin in da hali. Ƙwarya ɗaya ta gero ba ta talauta kowa ba. Na ƙarshe, tun da Allah ya sa hannunka ya iya alƙalami, ka zauna kusa da murhu wurin mahaifiyarka ko kakarka tun suna da rai. Ka rubuta yadda su ke yi, ka sa 'ya'yanka su koya da hannunsu, gama takarda tana riƙe awo, amma hannu ke riƙe gwaninta. Kufena zai jira ka, tsohuwa ba za ta jira ba.

Da ruwa ya komo arewa, Baba ya tara 'yan kuɗin gadinsa ya ce zai je ya sayi awaki ya sake farawa. Ran da zai tashi ya kira ni, ya buɗe jakar wuyansa, ya fito da takardar nan duk ta yi laushi don naɗi. Ya ce, "Riƙe, ɗana. Ni zan je in ga na gaskiya, kai ne yanzu ba ka da shi." Na karɓa. Sai ya yi shiru kaɗan, kamar mai jin nauyi, ya ce, "Shiga ka gai da Inna, ka ce na gode. Ka ce in da hali ta ƙulla mini 'yar kuka da daddawa, gama na san in na isa can, bakina zai nemi miyarta."